Imoro Mai Rakiyar Alhazai

Shekarar da Imoro ya sauko Accra daga Yendi, filin jirgi bai wuce sunansa ba: titin sauka, wasu rumfunan kwano da sojojin Turawa suka bari bayan yaƙin duniya, sai ciyawa iya ganinka. Wani ɗan garinsu, Braimah, shi ne shugaban leburorin da ke yankan ciyawar. Ya miƙa masa langa-langa, ya samar masa ɗaki a unguwar Nima kusa da babbar kwata.

Shekara shida Imoro yana sunkuye a gefen titin jirgi. Har ya kai da jin ƙara kawai yake gane jirgin da ke tafe, ko na Legas ne ko na ƙasar Turai.

Bayan 'yancin kai aka shiga gyaran wurin. Aka yi ginin fasinjoji, aka ƙara wa titi tsawo, ana neman 'yan dako masu jin harsuna. Imoro na jin Dagbanci da Hausa da Twi, ga ɗan Turancin da ya tsinta a bakin aiki. Aka ba shi kaki da amalanken tura kaya. A shekarar ce ma ya auri Sala, mai sayar da koko da ƙosai a unguwar Maamobi.

Lokacin aikin hajji ya fi so. Manyan motoci kan sauke maniyyata daga arewacin ƙasar da butocinsu da tabarmi da ƙunshin gari, yawancinsu ba su taɓa ganin jirgi a ƙasa ba.

Wata Laraba da hantsi, an gama kiran sunaye, kowa ya shiga layi, sai wata tsohuwa daga garin Wa, mai suna Sharifa, ta zauna daram a kan akwatinta ta ce ba inda za ta. Ma'aikata suka yi lallashi da Turanci, ba ta ko ɗaga kai ba. Aka kira Imoro.

Ya durƙusa gabanta. "Mma, lafiya?"

"Ɗana, wannan abin ƙarfe ne. Ƙarfe ba ya zama a sama." Ta ƙare masa kallo. "Kai ka taɓa shiga?"

Wani ma'aikaci ya ƙyafta masa ido, wai ya ce e. Imoro ya girgiza kai.

"Ban taɓa ba, Mma. Amma na yi shekaru a nan. Waɗanda na ɗauki kayansu bara, ni na sake ɗauka da suka dawo."

"Dukkansu?"

"Ban da mutum biyu. Su a can Allah ya karɓi abinsa, an binne su a Makka."

Tsohuwa ta jinjina kai. "Wannan ai ba abin gudu ba ne." Ta miƙa masa butarta. "Riƙe. Ka kai ni har ƙofa, kada ka sake ni."

Ɗan dako ba ya wuce gindin matakala, amma ran nan ba wanda ya hana shi. Yana riƙe da hannunta, tana karanto addu'a, har saman. Ya leƙa ciki sau ɗaya, ya ga kujeru a jere, ya sauko.

Bayan wata biyu, ran da Imoro ba ya aiki, sai ga Hajiya Sharifa a Nima tana tambayar gidan "yaron filin jirgi". Ta kawo masa dabino da zamzam a 'yar kwalba, ta zauna a tabarmar Sala ta sha koko, tana ba maƙwabta labarin yadda ta ga gajimare a ƙarƙashinta.

Labari ya bazu har unguwar Kotobabi da garuruwan arewa. Duk mai tsoho da zai tafi Makka sai a ce masa, "In kun isa, ku nemi Imoro." Manyan jirage masu ƙarar tsawa suka zo, fasinja suka yawaita, aka ɗauki samari 'yan makaranta, amma ba a taɓa raba shi da maniyyata ba.

Ciwon baya ne ya ajiye shi a ƙarshen shekarun 1960. Ya koma taya Sala a rumfarta. Duk da haka, in lokacin hajji ya zo, yakan sa farar rigarsa ya hau motar haya ta tiro-tiro zuwa filin jirgi, ya zauna a benci kusa da sikelin kaya, yana gaya wa tsofaffi su sha ruwa, su zagaya tun kafin a kira suna.