Takalmin Mai Gora

Duk wanda zai rubuta tarihin lalacewar tarbiyya a ƙasar nan, in dai da gaske yake, to daga takalmi zai fara. Masana sun ɗora laifin a kan boko, wasu a kan siyasa. Ni kuwa ko yau na ji ƙarar takalmi mai nauyi a kan siminti, sai raina ya ɓaci, in tuna da Mai Gora.

In kai yaro ne, mai karatu, ka san shi a waya. Mu a talabijin muka san shi, baƙi da fari, a gidan hayarmu na Chikaji. Akwatin na wata malamar firamare ce 'yar kudancin Kaduna. Ran Alhamis bayan la'asar takan fito da shi bakin ƙofarta, ta ɗora a kujera, gida duka a taru: mu, da iyalin tela Bayarabe, da ƙamshin manjan matar mai walda. Da damina har da lema ake riƙe wa akwatin, mu kuwa mu jiƙe.

Wasan kwaikwayo ne na wata unguwa, Mai Gora shi ne ƙaton cikinta. Aikinsa uku: ya mari mutum, ya tofar da yawu, ya shiga gidan mutane. Ba ya sallama, kuma ba ya cire takalmi. Wani jibgegen takalmi ne, da shi yake taka tabarmar mai unguwa, da shi yake taka ta liman. Mai ɗaukar hoto ma takalmin yake fara nuna mana kafin fuska, kamar takalmin ne ɗan wasan.

Kakata takan kawar da kai ta ce, "Wannan uwarsa ba ta da tsintsiya ne?"

Mu yara dariya muke yi. Baffana, ƙanin mahaifina, ba ya dariya. Kallo yake kamar mai ɗaukar darasi. Saurayi ne mai kunya a da, wanda ko kaza ba ya iya kora. Yana aiki a wani kamfani a nan Chikaji, inda aka ba su takalmi mai hancin ƙarfe don kada inji ya cinye musu yatsu. Kamfani ya bayar don kariya, Baffa ya karɓa a matsayin sarauta. Ya koyi tafiyar, ya koyi tofin, ya rage gaisuwa zuwa ɗaga gira. Ɗakinsa kuwa, in ya tuɓe takalmin da zafin bazara, ƙuda ma sai ya yi shawara kafin ya shiga.

Akwai yarinyar da yake nema a Hanwa, mai koyon aikin jinya. Shekara biyu suna tare, kuma tana son sa, abin da har yau ban gano dalilinsa ba. Mahaifinta tsohon malami ne mai karantarwa a zaure. Da magana ta yi nisa aka sa ranar da Baffa zai je gaishe shi, mahaifina ya raka shi. Kakata ta bi su har ƙofar gida.

"Ga silifas ɗin yayanka, ka sa."

"Inna, namiji ba ya zuwa gidan surukai a sanyaye."

"Wa ya gaya maka?"

Duk mun san wa ya gaya masa.

Sauran labarin daga bakin mahaifina muka ji, yana yi yana huci. Shi mahaifina ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya durƙusa. Baffa ya wuce shi ƙwas ƙwas, da taɓon damina, ya haye tabarma, ya taka gefen buzun da tsohon yake salla a kai, ya miƙa hannu a tsaye. Tsohon ya karɓi hannun. Ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya tashi da kansa, ya ɗebo ruwa a buta, ya ja buzun waje ya shiga wankewa, baƙi na zaune suna kallo. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Washegari goron da aka kai ya dawo, ko ganyen ba a kwance ba. Kakata ta raba wa maƙwabta, ta ce wa malamar, "Ci, 'yata, na bikin talabijin ɗinki ne." Malamar ta yi wata guda ba ta fito da akwatin ba.

Yarinyar ta auri wani. Baffa ya yi aure daga baya, ya tsufa, gwiwa ta mayar da shi kan silifas. Wasan kuwa bai mutu ba. Na gama makaranta, na koyar a Samaru har na yi furfura, Mai Gora na nan yana marin jikokin waɗanda ya mara, gemu ya sha baƙin shuni. Ɗalibaina suna kwaikwayon tafiyarsa a bakin aji, ni kuma ina koya musu ladabin magana daga littafi.

Bara aka yi rasuwa a layinmu, ashe mamacin ɗan'uwan mai fitowa a Mai Gora ne. Ya zo ta'aziyya. Ya yi sallama har sau biyu, ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya durƙusa wa kowane tsoho. Da zan fita na dubi takalmin. Dunduniyarsa ta kai kaurin bulo, ciki kuma an cusa soso. Na koma na yi masa gaisuwa, ya miƙe tsaye. Bai kai kafaɗata ba, ni kuwa tun firamare a layin gaba ake tsayar da ni.