Ƙasusuwan Gindin Ganuwa

Duk tsufan da zan yi, ranar da aka sa ni shaida a kan ƙashi ba za ta fita daga raina ba. Ni mahauci ne a Garwa, kuma a shekarun tamanin nakan je sayen shanu wani ƙauye can wajen Mayo-Oulo. A bayan ƙauyen akwai kufai da ragowar ganuwa. An ce wani sarki ne ya gina ta tun kafin zuwan Fulani, wai da mutane masu rai ya cike gindinta. Akwai wani tsoho da aka ce jikan jikan sarkin ne, ana yi wa gidansa kallon gidan makasa, har 'ya'yansa suka bar garin. Ni ma na sha ba da labarin a mahauta, har da ƙarin gishiri.

Wata ranar kasuwa na tarar masu binciken tarihi daga jami'a sun tona gindin ganuwar, ga ƙasusuwa jibge. Shugabarsu ta ce na dabbobi ne, amma wa zai saurari baƙuwa mai takarda? Kowa tsohon yake kallo.

Can ya juyo gare ni. "Ɗana, kai ne mai wuƙa. Sauka ka duba. In na mutane ne, faɗi a gaban kowa."

Na sauka cikin ramin. Ƙashin farko ƙafar bijimi ce, na biyu haƙarƙarin saniya. Sai na ga sawun wuƙa a gaɓar gwiwa, daidai inda mahaifina ya koya mini in ɗora tawa. An fasa ƙashin cinya an cire ɓargo. Yanka ɗaya, babu kuskure, hannun gwani, kuma bahago ne! Shekaru ɗaruruwa, amma kamar jiya ya ajiye wuƙar.

"Baba, shanu ne," na ce. "Wanda ya gina nan nama ya ciyar da maginansa, ba da rowa ba."

Wani dillali ya ce, "To ai ba ko'ina aka tona ba." Gaskiyarsa. Amma tsohon ya riga ya zube ƙasa yana kuka, liman da kansa ya kama hannunsa ya tashe shi.

Tun daga ranar, in aka kawo mini mugun labarin wanda ba ya nan balle ya kare kansa, tambaya ɗaya nake yi: wa ya gani da idonsa?