Ranar da na yanka albasa maimakon zuwa Kokomlemle

Chale, ɗan'uwa, ko yanzu da admishan ɗina na jami'a ya fito ina ta rawa a ɗaki, wata Asabar ce ke dawo mini a rai. Ba zan manta da ita ba har in mutu.

Lokacin muna hutu, saura shekara ɗaya mu gama sakandare. A layinmu na Maamobi duk ƙawayena suna da saurayi, ni kaɗai ake kira kolo, wai 'yar zamanin da. Babbar ƙawata kullum tana kaina: "Kowa na yi fa, ke kaɗai ce ustaziya?" Har ta haɗa ni da abokin saurayinta, mai ɗaki a unguwar Kokomlemle. Na san abin da zuwa ɗakin yake nufi. Amma na gaji da dariya, na ce to.

Ranar Asabar ɗin na sha kwalliya, na ɗora hijabi a kai, na shiga trotro, motar haya. Ko zama ban gama ba sai ga Hajiya mai waakye, shinkafa da wake, ta layinmu, niƙi-niƙi da kwanuka.

"Yauwa 'yata, Allah ya kawo ki. Riƙe mini shiton nan, miyar yaji ce, suna za mu a Sabon Zongo."

"Hajiya, ai lesin zan je."

"Da wannan jan-bakin? Riƙe."

A Zongo kowace babba uwarka ce, wa zai ce a'a? Haka na bi ta gidan sunan, na wuni ina yanka albasa, hawaye na wanke hodar, waya na ta kuka a jaka. Hajiya ta leƙo, ta ce, "Mai kiran nan bai san ƙofar gidanku ba ne? Ya zo ya gaida babanki mana." Matan wurin suka kwashe da dariya.

Kafin la'asar gayen ya yi blokin ɗina. Ashe ranar ma wata ya samu ta je. Na yi fushi sati guda, wai Hajiya ta ɓata mini shiri. Da aka koma makaranta kuwa, ƙawata ba ta dawo ba, ciki ya fito, saurayinta ya ce bai san zancen ba. Har yau ina zuwa in riƙe mata yaron.

Na koyi cewa masu ce maka kowa na yi, ba sa nan ranar da abin ya zama naka kai kaɗai. Gobe da safe Hajiya zan fara kai wa albishir, ko da za ta sake miƙo mini wuƙa da albasa.