Sifilin da jikata ta ba ni

Hauwa ta ci! Jikata ta ci jarrabawar zama malamar tarihi da gwamnati! Au, salamu alaikum, murna ta sa na manta.

Yarinyar nan ta san karatu, amma da ta tsaya gaban mutane sai murya ta maƙale, ga shi sai an ga koyarwarta za a ba ta shaida. Ajin da suke gwaji kuma an rufe saboda tsoron bam. Sai ta mai da ni ɗalibi, ni da na koyi baƙi a ajin manya da furfurata.

Ta ce, "Kaka, wa ke yin doka a jiha?"

Na ce, "Sojan da ke tsare shingen unguwar Pantami."

"Haba Kaka, majalisa ce!"

"To amarya, majalisa ce ke sauke ni daga acaɓa in taka da ƙafa?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta ba ni sifili. Daga ranar bakinta ya buɗe.

Ku zo gida ku ga takardar da idonku, ku kuma raba mana gardamar wa ke yin doka, soja ko majalisa.