Tagar da Ƙanwata Ta Toshe

Ƙanwata tela ce, kuma tun tana yarinya ba ta san mantuwa ba. In ka taka ta yau, sai ta tuna maka bayan ka yi furfura. Kekenta na ɗinki yana ƙarƙashin tagar da ke kallon lungu, inda haske ya fi shigowa. A tsallaken lungun akwai ƙofar maƙwabciyarta, uwar wani makanike da ake kira Dogo.

Mijin ƙanwata shi ne mai gadin garejin da Dogo ke aiki. Wata safiya aka tarar da gawarsa a bayan wata mota, an fasa masa kai da ƙarfe. Mai facin taya na bakin garejin ya rantse a kotu cewa ya ga Dogo yana fita da ƙarfen a hannu. Aka yi wa Dogo ɗaurin rai da rai. Ya ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita. Lauyan gwamnati ya ce mana magana ta ƙare.

A ranar nan ƙanwata ta ci abinci har da ƙari. Washegari ta kira kafinta ya toshe tagar da katako.

Na ce, "Ke, da wane ido za ki yi ɗinki?"

"Da wanda ba zai ga uwar mai kisan kai ba, Yaya."

Haka ta yi shekara da shekaru tana ɗinki a ƙarƙashin wani ƙwan lantarki mai ja-ja, in an ɗauke wuta ta kunna fitila. Da keken nan ta raini 'ya'yanta. Idon kuwa ya yi ta dushewa, har ta kai sai an zura mata zare a allura. Ni nake zura mata, ni da na girme ta. Ba ta taɓa ƙorafi ba. A ganinta kotu ta ba ta sunan wanda ya kashe mata miji, kuma ya ishe ta.

Sai bara mai faci ya kwanta ciwo, tsoron Allah ya kama shi a makare. Ya ce shi bai ga kowa ba, 'yan sanda ne suka nuna masa Dogo suka ce ya shaida. Wata lauya mai ƙuruciya ta nemi a sake buɗe shari'ar, ta kuma tako har ɗakin ƙanwata.

"Mama, ba don mu tayar miki da hankali ba ne."

"To me ya kawo ki? Ɗinki?"

"In ba shi ba ne fa, Mama?"

"Alƙalan da suka ce shi ne, barci suke yi? Jiya ku rufe, yau ku buɗe. Kotu ce ko zif ɗin wando?"

Muka je zaman kotun. Dogo ya ranƙwafe, haƙoran gaba sun zube, sunan ma ya daina dacewa da shi. Aka turo mai faci a keken asibiti yana hawayen da ba su amfani kowa ba. Alƙalai suka ce hukuncin farko ba zai tsaya ba, a sake shi.

Ƙanwata ta miƙe ta ce, "To wa ya kashe shi?"

Babban alƙalin ya ce wannan tambayar ba ta gaban kotu. Ɗan sanda ya zaunar da ita.

Ni ban san wanda ya yi ba. Abin da na sani, an cinye ƙuruciyar mutum, an cinye idon mace, kuma babu wanda ya ce da su ko sannu.

Yanzu kullum da safe uwar Dogo kan tsallako da sandarta ta buga katakon tagar.

"Buɗe ki gan shi! Buɗe mana, makauniya!"

Da abin ya ishe ni, na aro guduma wajen kafinta, na sa bakinta a ƙusar farko.

Ƙanwata ta ce, "Ajiye."

"Kotu ta wanke shi. Ki sha iska, ki ga haske."

"Kotu ta taɓa cewa shi ne. Ta jira in mutu, sai ta sake wata maganar." Ta laluba ta kama hannuna, ta matse har na ji zafi. "In ba shi ba ne, Yaya, don me na kashe idona?"

Na ajiye gudumar. A waje sandar ba ta daina bugu ba. Ƙanwata ta saki hannuna, ta miƙo min bakin zaren.

"Zura min. Mai rigar da yamma za ta zo."