Layar Motar Kawu Maigandi

Shekarar da aka canja takardun naira, ita ce shekarar da kuɗin inshorar mota ya tashi, hankalin Kawu Maigandi kuma ya tashi tare da shi. Kun san halinsa. Duk shekara in ya karɓo takardar inshorar tsohuwar a-kori-kurarsa, sai ya kai wa baduku a Ƙaura ya ɗinke ta cikin fata, ya rataye ta a madubi. Ɗan sanda na tambaya, sai ya nuna da baki: "Ga ta nan. Ba a buɗe magani."

Ni na raka shi sabuntawa, da yake ƙanen mahaifiyata ne. Ma'aikacin kamfanin inshorar ya faɗi sabon kuɗi.

"Ɗan nan, motar ta tsufa. Ina ka taɓa jin tsohuwar akuya ta ƙara kuɗi?"

"Baba, kayan gyara sun yi tsada, haɗari kuma ya yi yawa."

"Ni na buge su?"

Ya taya kamar mai sayen albasa a kasuwar Shinkafi, ya fita sau biyu, ya dawo ya biya cif.

A tasha ya taɓa jin wai duk wanda ya kai rahoton haɗari, ƙara masa kuɗi ake yi. Saboda haka da ya ture katangar wani a Zurmi, da kansa ya kwaɓa ƙasa ya gina. Da ya take jaki a Katuru, ya biya, ya riƙe hannun mai jakin: "Don Allah kada kamfani ya ji."

Da damina ruwa ya tafi da motar a mashigin Gurbin Bore, da lodin gero a bayanta. Kawu ya fito da layarsa a hannu, ya nufo gidana, don ya san na shiga ajin yaƙi da jahilci.

"Farke ka duba nawa za su ba ni."

Na bi ta harafi-harafi. Inda Turanci ya fi ƙarfina, malamin ajinmu ya fassara. Ashe irin mai arhar ce: ba ta biyan motarka, sai ɓarnar da ka yi wa wani. Wato katanga da jaki.

Kawu ya miƙo mini fatar, ya ce, "Maida ta cikin fatarta. Ai na gaya muku ba a buɗe magani."

Bai sake riƙe sitiyari ba har ya rasu bara. Ga lissafin asararsa: mota ɗaya, buhun gero goma sha biyu, jaki ɗaya, katanga ɗaya, da biyan shekara ashirin. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya biya shi a can, tunda a nan bai tafi da haƙƙin kowa ba.