Mutumin da Ba Ya Kallon Ƙwallo

A watan Maris ɗin bara na faɗi a gaban mutum wajen arba'in, cikinsu har da baƙi daga manyan ƙungiyoyi shida. Ranar gwajin 'yan wasan kwalejinmu ce, masu ƙwallon Amurka da ake jefawa da hannu, ni kuwa direban bas ɗinsu ne, shekara goma sha tara ke nan. Ba wanda ya aike ni. Na ga dai samari suna gudu da baya a kan ciyawa, sai na ce wa Koci ai wannan ba wani abu ba ne, mu a zamaninmu da takalmin zuwa coci muke yinsa. Na yi taku biyar da baya, a na shida na zauna daram cikin robar ƙanƙarar da ake sanyaya ruwan sha. Kowa ya yi dariya ban da Lemuel Pettway. Shi kallona kawai ya yi har na miƙe, sannan ya mai da kansa kan ɗan littafinsa.

Lemuel mai farautar 'yan wasa ne. Wata babbar ƙungiya da ke can arewa ce take biyansa ya zagaya kwalejojin Mississippi da Alabama da Louisiana, ya dubo mata waɗanda suka isa a ɗauka a zaɓen watan Afrilu, lokacin da ƙungiyoyi ke raba 'yan kwaleji a tsakaninsu, zagaye bakwai. Shekararsa talatin da ɗaya a kan hanya, ya kashe mota shida, ya san duk inda ake soya tarwaɗa mai kyau daga nan har bakin teku. Dogo ne, siriri, ba ya gaggawar magana, kuma agogon auna gudu ba ya barin wuyansa ko a wurin jana'iza.

Shi ma a da ɗan wasa ne, mai tsaron baya. Wannan aikin ba shi da daɗi. Kai kana gudu da baya, wanda kake tsaro yana gudu da gaba, ya san inda za shi, kai ba ka sani ba. In ka tare shi sau talatin ba mai kula, in ya wuce ka sau ɗaya ya cafe ƙwallo, duk filin ya san sunanka. A shekararsa ta ƙarshe a kwaleji, a wasan da ya fi kowane girma, wani ya wuce Lemuel ya ci. Lemuel ya ɗaga kai yana neman mahaifinsa a cikin 'yan kallo, tsohon da ya bar aikin yankan katako ya yi tafiyar awa huɗu don ya gan shi. Kafin hankalinsa ya dawo fili an sake wuce shi, aka kuma sake. Sau uku cikin minti goma. Afrilu ya zo ya wuce, waya ba ta yi ƙara ba. Ya yi shekara takwas yana sayar da tayoyi kafin wani tsohon kocinsa ya samo masa wannan aikin.

Shi ya sa ba ya kallon wasa yadda sauran mutane ke kallo. In aka ba shi faifan ɗan wasa, wuraren bajinta tsallake su yake yi. Inda aka ci yaron yake nema, sai ya tsayar, ya duba yadda ya koma layin da ake jeruwa a sake farawa, ina ya kai idonsa, wa ya nuna da yatsa, da abin da ya yi a karon da ya biyo baya. A filin wasa kuwa, ƙwallo tana can, kan Lemuel yana nan. Na taɓa tambayarsa wa ya yi nasara a wasan da muka kalla tare, ya ce bai lura ba.

Bara ɗin, Tavian Hollis ya zo dubawa, mai tsaron bayanmu, ɗan shekara ashirin da biyu, wanda kakarsa ta raina. Tavian yana da tsawo da dogayen hannuwa, in zai juya ƙugunsa ba ya cijewa, kuma ba ya tsoron karo. Gudu ne ya gaza. A yadi arba'in ya yi sakan huɗu da ɗigo sittin da biyu. Sauran baƙin biyar suka dubi agogonsu, suka rufe littattafai, suka fara tambayar inda za su ci abinci. A wannan sana'a, tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba ita ce take raba wanda za a kira da wanda zai koma sayar da tayoyi.

Lemuel ya ja shi ɗakin kallon faifai. Ina wurin, wandona yana bushewa a kan kujera. Ya kunna wani wasa na watan Oktoba, daidai inda aka wuce Tavian kamar an wuce turke.

"Me ya faru nan?"

"Cinye ni ya yi, yallaɓai. Na tsaya kallon idon mai jefa ƙwallo, na bar kallon ƙugun mutumina."

"Ba na bayanka ne ya kamata ya rufa maka ba?"

"Ya kamata. Amma mutumina ne."

"Da kuka koma layi na ga bakinka yana motsi. Zaginsa ka yi?"

"A'a, yallaɓai, kakata tana kallo. Cewa na yi ya sake gwadawa."

"Ya sake?"

"Ya sake, na cafe. Ƙwallon tana kan talabijin ɗin kakata yanzu, kusa da hoton Yesu."

Lemuel bai yi murmushi ba. Ya rufe littafinsa ya ce masa ya riƙa barin wayarsa da caji.

Matsalar ita ce ƙungiyar Lemuel ta yi sabon manaja, matashi mai gilashi wanda ya yarda da kwamfuta fiye da matarsa. Ya kafa doka cewa duk mai tsaron bayan da ya haura sakan huɗu da rabi kada ma a kawo sunansa. Lemuel ya kawo sunan Tavian, ya kuma sa shi a saman takardarsa. Abin da ya faru a taron, shi ya ba ni labari, kuma bai saba ƙara gishiri ba.

"Kawu Lem," in ji manajan, "ka manta dokar ne, ko gilashinka ka bari a mota?"

"Na gani, yallaɓai. Gudun nan da kuke aunawa, gaba ake yinsa, da gajeren wando, ba mai bin ka. Yaron nan da baya zai ci abinci."

"Lissafi ya nuna irinsu ba sa daɗewa."

"Lissafin bai taɓa ganin an ci mutum a gaban ubansa ba."

Manajan ya juya biro a hannunsa. Ya ce to, in Tavian ya rage har zagaye na bakwai zai ɗauke shi, amma da sharaɗi. Ƙarshen Agusta ake tankaɗe 'yan wasa, a sallami wajen rabinsu. In aka sallami Tavian, Lemuel ma ya ajiye makullin motar ƙungiya. Lemuel, mai shekara sittin da ɗaya, wanda bai iya komai ba sai tuƙi da kallon ƙafafun mutane, ya ce ya ji.

Ranar Asabar ta zaɓen, da rana, muna gidan cin kifi na bakin hanya, talabijin yana ta jero sunaye. Lemuel yana cin burodin masara yana kurɓar shayi mai ƙanƙara kamar ba da shi ake ba. Saura mutum tara a rufe zaɓen aka kira Tavian Hollis, ƙungiyar Lemuel ta ɗauke shi. Gidan ya ɗauki ihu. Lemuel ya ce a ƙaro masa yaji.

Watanni huɗun da suka biyo baya bai yi zancen ba ko sau ɗaya. Na dai lura ya daina sayen man mota cike da tanki, kuma matarsa ta ce ya fara tambayar farashin ƙugiyar kamun kifi. A wasan gwaji na biyu aka wuce Tavian a gaban duniya, mai sharhi har da cewa yaron ba shi da ƙafa. Na buga wa Lemuel waya don in yi masa jaje. Ya ce in kashe waya in kalli abin da zai biyo baya. Na kalla. Tavian ya koma layi bai dubi kowa ba, bakinsa yana motsi. Sau huɗu aka ƙara jefa ƙwallo wajensa a ranar, ba wadda aka cafe.

Da aka yi tankaɗe, sunansa na cikin waɗanda suka tsira. Ba tauraro ba ne har yanzu, ya fi zama a benci, amma yana nan. Lemuel ma yana nan, da mota ta bakwai.

Maris ɗin bana ya dawo duba wani. Na same shi a bakin fili, daidai inda robar ƙanƙarar take, na ce, "Dattijo, tsakani da Allah, ranar da na faɗi ka yi mini kallon sana'a. Ka ga yadda na juya ƙugu kafin in zauna? A wane zagaye za ka ɗauke ni?"

Bai ɗago daga littafinsa ba.

"Cleophus, faɗuwar ba ta dame ni ba, kowa yana faɗuwa. Amma da ka tashi, kafin ka taɓa wandonka, sai da ka waiga ka ƙirga waɗanda suka gan ka. Riƙe bas ɗinka da kyau."